Malamin Dindindin da Lauyan Yamma: Wa Ya Fi Riƙe Ɗalibi?

A Amurka akwai wata sana'a da ke tsakanin ta akawu da ta lauya, wato mataimakin lauya. Shi ke zama da mai ƙara ya rubuta bayaninsa, ya tono hukunce-hukuncen baya, ya tsara takardar da lauya zai sa wa hannu. Sai dai doka ta shata masa iyaka: ba ya ba da shawarar shari'a, ba ya yanka kuɗin aiki, ba ya tsaya wa kowa a gaban alƙalin kotu. Da yawansu suna koyon aikin a kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, irin wadda aka buɗe a Joliet ta jihar Ilinois a 1901. Malamai iri biyu ne ke shiga ajinsu: akwai na dindindin mai albashi da ofis, akwai kuma lauyan da ke tasowa daga aiki da yamma ya koyar da darasi ɗaya, a biya shi ladan wannan darasin kawai.

Ta fuskar sanin abin da ake ciki, lauyan yamma ya yi gaba. Da safen nan ya shigar da takarda kotu ta intanet, ya san wadda magatakarda ya dawo da ita da dalilin dawowar. Idan ya ce wanda aka yi ƙara a kotun tarayya kwana 21 gare shi ya ba da amsa, amma a kotun jihar Kalifoniya kwana 30 ne, yakan haɗa da labarin yadda kuskuren lissafin rana ɗaya ke kashe shari'a. Malamin dindindin ma ya san wannan, galibi shi ma lauya ne, amma wanda ya shekara goma rabonsa da harabar kotu yana iya koyar da tsarin da aka riga aka sauya.

Ta fuskar iya koyarwa kuwa, sai mizanin ya karkata. Sanin abu daban, iya sa wani ya gane shi daban. Lauyan da ya ƙware yakan manta cewa akwai ranar da shi ma bai san yadda ake neman hukunci a rumbunan shari'a na intanet irin su Westlaw ko LexisNexis ba, sai ya tsallake matakai uku yana zaton kowa na biye. Malamin dindindin ya ga ɗaruruwan ɗalibai suna tuntuɓe a wuri guda, don haka ya san inda zai sassauta. Ya kuma san abin da aka koyar a zangon da ya wuce da wanda ke tafe, yayin da lauyan yamma ɗakinsa kaɗai ya sani a cikin gidan.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne bayan an tashi daga aji, kuma nan ne na fi ba muhimmanci. Ɗaliban nan ba duka ne yara sabbin kammala sakandare ba. Akwai uwar da ke aiki da rana tana karatu da dare, akwai tsohon soja, akwai wanda a danginsu shi ne na farko da ya taka kwaleji. Abin da ke fitar da irin waɗannan daga makaranta ba kasafai yake zama wahalar darasi ba. Mai renon yaro ce ta fasa zuwa, ko an canza lokacin aiki, ko takardar tallafin karatu na Pell ta maƙale. Malamin dindindin yana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ya san wa zai kira a ofishin tallafi, yana lura idan kujera ta yi mako biyu babu kowa. Lauyan yamma, duk kyawun zuciyarsa, sau da yawa ko tebur ba a ba shi ba, kuma gobe da safe yana da zaman kotu. A wajen motarsa ake tare shi da tambaya.

Amma kada a raina abin da ke hannunsa. Ranar da ɗalibi ya tashi neman wurin sanin makamar aiki, kalma ɗaya daga lauyan da abokan sana'arsa suka sani ta fi doguwar wasiƙar shaida tasiri. Ofishinsa ma yana iya zama wurin aikin farko.

Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, wadda ta fitar da ƙa'idojin amincewa da wannan karatu a 1973, kamar ta hango ɓangarorin biyu. Ta ce dole ragamar shirin ta kasance a hannun ma'aikacin dindindin, sannan a kafa kwamitin ba da shawara da ya ƙunshi lauyoyi da mataimakansu masu aiki. A ganina jerin ya yi daidai. Kwaleji tana iya ɗauko lauya daga gari ya koyar da dokar iyali ko ta gado na zango guda, amma bibiyar ɗalibi shekara biyu sai wanda ke wurin kullum. Matsalar ita ce lauyan yamma ya fi araha, shi ya sa fiye da rabin malaman kwalejojin al'umma na wucin gadi ne. Kwalejin da ta bi wannan hanya, ƙaramin abin da ya kamace ta shi ne ta ba lauyan ɗaki, ta kuma biya shi sa'ar zama da ɗalibai kafin aji.