Gangar jikin na'urar ɗaukar murya: abin lura ga mai bincike a Adar

1. Gabatarwa

Binciken harshe da tarihin Adar, irin na Djibo Hamani (1975) da na Bernard Caron (1991), ya dogara ƙwarai ga abin da aka ji daga bakin mutane. Dattijon da aka ɗauki muryarsa bana, ba lalle a tarar da shi baɗi ba. Don haka muke ganin ya kamata a duba gangar jikin na'ura tun kafin a yi zancen daɗin sautinta.

2. Abubuwan da ke kashe na'ura

Abubuwa uku ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke shiga ta kowace kafa, ta cinye kan da zare ke gogawa, ta daskarar da maɓallai. Na biyu zafin bazara: a Tawa, watannin Afrilu da Mayu, yakan wuce digiri 40. Roba takan lanƙwashe, igiyar danƙon da ke juya zare ta saki, gudun zaren ya canza. Ga mai nazarin karin sautin Hausa wannan babbar hasara ce, domin tsayin murya ya gurɓata. Na uku girgizar mota bisa hanyoyin duwatsu, kamar na wajen Barmu da Kalfu.

3. Misalai

Nagra III, wadda Stefan Kudelski ya fito da ita a Suwis a 1958, da Uher 4000 Report ta Jamus (1961), duka jikinsu na alminiyam ne. Alminiyam ba ya tsatsa kamar baƙin ƙarfe, yana fitar da zafi, kuma yana riƙe kayan ciki daram ko an faɗi. Sukurori ke haɗe su, saboda haka mai gyara yana iya buɗewa ya share. Aibinsu nauyi da cin pil: Nagra III goma sha biyu take ɗauka.

Na'urorin dijital na yanzu ba su da zare, amma galibinsu roba ne, kuma kafar kati da ta waya ƙofofi ne ga ƙura.

4. Shawara

Muna ba ɗalibai shawara su zaɓi na'ura mai jikin ƙarfe, mai ƙarancin kafofi, mai aiki da pil irin wanda ake samu a kasuwar Tawa. A ɗinka mata jakar fata wurin dukawa, a cire pil bayan aiki, kada kuma a bar ta cikin mota da rana.