Ƙidayar Kwanaki a Dokar Tallafin Karatu ga Tsofaffin Sojojin Amurka

Tun shekarar 1944, lokacin da Shugaba Franklin Roosevelt ya rattaba hannu kan dokar da aka fi sani da GI Bill, gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyin karatun waɗanda suka yi aikin soja suka tuɓe kaki, kuma kafin wa'adin wannan doka ta farko ya cika a 1956, tsofaffin sojoji kimanin miliyan 7.8 sun ci moriyarta a jami'o'i da wuraren koyon sana'a. An yi ta sauya mata fasali, har aka kai ga tsarin 2008 wanda Sanata Jim Webb ya jagoranta saboda waɗanda suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumbar 2001. A wannan tsari, wanda ya cika wata 36 a bakin aiki ana biya masa kuɗin makaranta gaba ɗaya a jami'ar gwamnati ta jiharsa, da kuɗin haya wata-wata, da na littattafai har dala 1,000 a shekara, shi kuwa wanda ya yi kwana 90 kacal rabi yake samu.

Ke nan komai ya rataya ne a kan ƙidayar kwanaki, kuma a nan ne wani gyaran doka da ake ta kai ruwa rana a kansa ya samo asali. Baya ga sojoji na dindindin, Amurka na da sojojin ko-ta-kwana, da kuma dakarun tsaro na jihohi, wato rundunonin da ke ƙarƙashin gwamnoni amma shugaban ƙasa na iya kiransu idan buƙata ta taso. Waɗannan mutane ne masu sana'o'insu, waɗanda ke zuwa atisaye a ƙarshen mako sau ɗaya a wata da kuma mako biyu a shekara, sai dai dokar ba ta lissafa waɗannan ranaku, ko da kuwa kaki ɗaya suke sakawa da takwarorinsu.

Abin da ya faru da dakarun jihar Minnesota a 2007 ya nuna inda gizo ke saƙar. Bayan sun shafe wata 22 a bakin aiki, akasarinsa a Iraƙi, da yawa daga cikinsu sun tarar takardar umarninsu ta ce kwana 729, alhali tsarin wancan lokaci na buƙatar 730 kafin a samu cikakken tallafi, sai da aka yi ta ƙorafi kafin hukumomi su gyara. An so a maimaita irin haka a 2020, sa'ad da aka tsara cewa dakarun da ke aikin yaƙi da annobar korona za su kammala a kwana na 89, wato saura kwana ɗaya su cika 90 ɗin da ake buƙata, har sai da surutu ya yi yawa aka tsawaita wa'adin.

Ƙudurin daidaita tallafin, wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi a Janairun 2022, ya nemi a riƙa ƙidaya ranakun atisaye da na horo, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa, kuma an sake gabatar da shi daga baya. Masu adawa ba su cika musanta adalcin buƙatar ba, kuɗi ne abin da ke damunsu, tare da hujjar cewa wanda ya bar iyalinsa shekaru uku cur bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da mai zuwa atisayen ƙarshen mako ba. Hujjar na da ɗan ƙarfi, sai dai ƙudurin bai ce a ba kowa cikakken kaso ba, abin da ya nema shi ne a lissafa ranar da aka yi aiki.

Wasu gyare-gyaren sun riga sun tsallake. Dokar 2017 ta soke wa'adin shekara 15 na amfani da tallafin ga waɗanda aka sallama daga Janairun 2013, ta 2021 kuma ta toshe kafar da makarantu masu neman riba ke bi wajen farautar tsofaffin sojoji. A Afrilun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa wanda ya cancanci tsarin 2008 da wanda ya gabace shi ta hanyar wa'adin aiki daban-daban yana iya karɓar tallafi har na wata 48, lamarin da ya ƙara wa gwamnati nauyin kuɗi a daidai lokacin da dakarun jihohi ke jiran majalisun biyu su amince da ƙudurinsu.