Me ya sa babu magangarar ruwa a tuddan Gwandu da Kalgo?

Mai son yawon tsaunuka da ya nufi Gwandu ko Kalgo a jihar Kebbi yana neman ruwa mai kwararowa daga kan dutse, irin na Gurara a jihar Neja ko Matsirga kusa da Kafanchan, zai koma gida bai gani ba.

Dalili kuwa yana cikin ƙasar kanta.

A Gurara, kogin yana faɗowa ne kimanin mita 30 daga kan dutse mai tsauri wanda ruwa ba ya iya cinyewa da sauri. Tuddan Gwandu kuwa yashi ne da yumɓu da suka daskare, marmara ta rufe samansu, shi ya sa kawunansu ke shimfiɗe kamar faifai. Masana duwatsu ma da sunan Gwandu suke kiran wannan shimfiɗar ƙasa.

Idan ruwan sama ya sami kafa a marmarar, sai ya ci yashin da ke ƙarƙashinta, ya bar kwazazzabai da ƙananan kogunan dutse a gefen tudu, sannan ya gangara fadama.

Tuddan suna da nasu tarihin. A 1805, bayan an ci jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da yaƙi a Alwasa, a Gwandu suka tsaya suka kore maharan, alhali garin bai da ganuwa tukuna. A nan kuma hubbaren Malam Abdullahi Fodiyo yake.

Sai dai kwazazzabon da ya fi ban sha'awa shi ya fi haɗari. Daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa kan iya cika busasshen kwari cikin ɗan lokaci, ko da babu hadari a kan mai tafiya. Bakin kwarin da ruwa ya rarake ta ƙasa kuma yakan rufta da mutum.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka lokacin hunturu ya fi dacewa.

Ga kuma batun tsaro: tun 2024 ake samun hare-haren Lakurawa a wasu sassan Kebbi, saboda haka bai kamata baƙo ya shiga daji ba sai ya sanar da mai gari, ya kuma ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora.