Yadda tsofaffin zannuwan Inna suka zama barguna

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin Inna muka buɗe adakarta. Mu huɗu ne a ɗakin: Yayarmu, da ni, da ƙanwarmu, sai autanmu da ya hawo jirgin ƙasa daga Yawunde. Malamin da ya raba mana gado ya riga ya yi wa suturarta kuɗi, kuma duk mun yarda a bayar da masu kyan sadaka, Allah ya kai mata ladan. Leshi da shadda da turamen atamfa da ba a ɗinka ba duk sun fita a ranar. Abin da ya rage a ƙasan adakar tsofaffin zannuwa ne guda 23, waɗanda ta yi shekaru tana girki da su, tana goyon jikoki da su. Wasu sun koɗe, wasu sun yage ta gefe, ɗaya ma da ƙunar garwashi a jikinsa.

Ƙanwarmu ta ce a yi tsumman goge-goge da su. Ni kuwa na ce a bar mini, zan yayyanka in haɗa bargo.

Yaya ta ɗago kai ta dube ni. "Ke yanzu almakashi za ki sa wa kayan Inna? Ko kwana hamsin ba ta yi a ƙasa ba. Kayan mamaci ai sadaka ake yi da su."

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Wa za mu ba wannan mai ƙunar? Abin da mu ba za mu iya ɗaurawa ba, da wane ido za mu miƙa wa wani?"

Ba ta amsa ba, ta ja mayafinta ta fita. Wata biyu cur, in ban da gaisuwa babu abin da ke haɗa ni da ita. Zannuwan kuma suna ƙulle a ɗakina, na kasa taɓa su.

Ba mu kaɗai ba ne

Mu Hausawa gwado da luru muka gada, saƙa ce daga farko har ƙarshe. Bargon faci kuwa, kamar yadda muke ce masa a gidanmu, hawa uku ne ake ɗinkewa wuri guda: fuska ta guntayen ƙyallaye, ciki na auduga, da baya na yadi guda. 'Yata ce ta fara nuna mini shi a waya, kuma da na bi diddigi sai na tarar kusan duk inda talauci ya haɗu da sanyi, mata sun gano wannan dabara.

A yankin Bengal, wato Bangaladesh da gabashin Indiya, mata kan jera tsofaffin tufafinsu su bi su da ƙananan ɗinki, su kira shi kanta, kuma da shi ake tarbar jariri. A lardin Sindh na Pakistan sunansa ralli, yana cikin kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye na jikokin bayi mai suna Gee's Bend, inda mata suka daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan gona da buhuna don kawai 'ya'yansu su yi barci cikin sanyi. A 2002 aka baje bargunan nan a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarki na gidan wayar Amurka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wata tsohuwa ce 'yar Laberiya, Martha Ricks. An haife ta cikin bauta a Amurka, iyalinta suka koma Laberiya a 1830. Ta ɗinka bargo mai hoton bishiyar kofi, kuma a 1892, tana da shekara fiye da 70, ta tsallaka teku ta kai wa Sarauniya Victoria har fadar Windsor. Na ce a raina, in dai ɗinkin hannu ya isa kyautar sarauniya, to ya isa in ba 'yan'uwana.

Na farko ya lalace

Allah ya so ni ban fara da zannuwan Inna ba. Nawa guntayen na tattara na gwada, kuma wallahi abin ya ba ni kunya. Ban wanke ƙyallayen kafin in yanka ba, ranar wankin farko jar atamfa ta zuba ta rine farar da ke kusa da ita. Na haɗa yadi mai santsi da na auduga, ɗaya ya ja ɗaya ya saki, bargon ya karkace. Audugar kuma duk ta dunƙule a kusurwa guda, domin na bar tazara mai yawa tsakanin layukan ɗinki.

Wani dattijon tela a bakin layinmu ya juya shi gaba da baya, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, gaggawa kika yi. Wannan aikin ba na ranar jajibere ba ne." Shi ya gyara mini hannu, ga kuma abin da na riƙe tun daga ranar.

A wanke kowane ƙyalle daban, a shanya, a goge. A haɗa auduga da auduga kawai, leshi mai duwatsu da yadi mai santsi a ajiye su gefe. A yanki kwali murabba'i mai santimita 17 ta kowane gefe, da shi za a riƙa auna yanka. In ɗinki ya ci santimita ɗaya ta kowane ɓangare, kowane gida zai tsaya a 15. Bargon babba mai faɗin santimita 150 da tsawon 210 yana cin gida 140, wato layi 14 kowanne da gida 10. Na jariri mai 90 da 120 gida 48 ne kawai, shi ya kamata mai koyo ya fara da shi.

In fuska ta haɗu, sai a shimfiɗa yadin baya a kan tabarma, a baza audugar da aka cire wa angurya daidai wa daida, a ɗora fuskar a sama. Wanda bai samu auduga ba, tsohon bargo marar nauyi ko zanin gado ninki biyu ya wadatar. A fara kama hawa ukun da manyan ɗinki da za a warware daga baya. Ɗinkin gaske daga tsakiya ake faro shi a nufi gefe, kada tazarar layi da layi ta wuce yatsu huɗu. Daga ƙarshe a kalmashe bakin da ƙyalle mai ƙwari, domin baki ne ke fara mutuwa.

Keke yana iya haɗa fuskar cikin kwana biyu. Bin hawa ukun da allura da zare kuwa, ni mako shida yake ɗaukata, sa'a guda kullum bayan sallar isha'i.

Ranar da na kai wa Yaya nata

Da na zauna a kan zannuwan Inna, kowanne ya ba ni gida kamar 25 masu lafiya bayan na kauce wa yaga da ƙuna. Lissafi ya kama barguna huɗu, ɗaya ga kowannenmu. Da tsohuwar zuma ake magani: atamfar da ta sha wanki ta fi sabuwa laushi, allura na shigarta ba gardama. Sai dai aikin bai yi sauri ba, don sau da yawa nakan ɗauki ƙyalle in tuna ranar da na gan shi a jikinta, sai in ajiye allurar.

Na Yaya na fara gamawa. Duk wanda ya san Ngaundere ya san sanyinta, gari ne a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000, a watan Disamba da Janairu asuba sai mai ƙarfin hali. Cikin wannan sanyin na naɗe bargon na tafi gidanta, gabana na faɗuwa. Na gaishe ta, na ajiye a gabanta ban ce komai ba.

Ta warware shi a hankali. Ta ɗora yatsa a kan wani gida mai ruwan ganye ta ce, "Wannan ankon bikina ne." Ta matsa gaba, "Wannan da shi ta goyi ɗana na fari." Haka ta bi su gida-gida tana faɗa mini tarihin da ni kaina ban sani ba, har muryarta ta sarƙe. Da ta share ido sai ta ce, "Amma fa maganata tana nan. Sadakar Inna ba ta ƙare ba."

Na ce, "Gaskiyarki, Yaya."

Na autanmu a jirgin ƙasa na aika masa. Ya kira ni daga unguwar Briketeri ya ce matarsa ta so ta adana shi a akwati, shi kuma ya ce a'a, Inna ba ta taɓa sayen zani don ajiya ba.

Guntayen da teloli ke zubarwa

Maganar Yaya ce ta kai mu ga na sadaka. Duk mai wucewa ta shagunan teloli a Kamaru ya san tarin ƙyallayen da ake sharewa, musamman gab da sallah da kuma ƙarshen Fabrairu, lokacin da ake rububin ɗinka atamfar ranar mata ta 8 ga Maris. Galibinsu bola suke tafiya ko a cinna musu wuta. Abin takaici, ƙasa ce mai noman auduga a arewacinta, ga kamfanin Sodecoton a Garwa tun 1974, amma ga yara na kwana a zaure da buhu a matsayin mayafi.

Muka roƙi teloli uku su riƙa tara mana a buhu, ba su karɓi ko sisi ba. Yanzu mu shida ne, muna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a tsakar gidan Yaya. Ƙananan muna kai wa masu jego da muka san hannunsu bai kai ba, manyan kuma almajiran makarantar allon unguwarmu da wasu tsofaffi da ba su da mai kula da su. Wannan ma ba sabon abu ba ne a duniya: a Amurka akwai ƙungiyar Project Linus da aka kafa a 1995, aikinta tattara bargunan hannu tana kai wa yara marasa lafiya.

Doka ɗaya muke da ita, Yaya ce kuma ta kafa ta. Wata rana ɗaya daga cikinmu ta kawo bargo da ɗinkinsa ya yi faɗi, bakin ma ba a kalmashe ba, ta ce ai na almajirai ne, da babu gara ba daɗi. Yaya ta miƙa mata shi ta ce, "Ƙanwata, in ɗanki ne zai rufa, haka za ki bar shi? Warware." Tun daga ranar, ba ya fita gidan sai wanda mai ɗinkin za ta yarda ta shimfiɗa a gadonta. Mun kuma koyi cewa na almajirai a zaɓi launi mai duhu da ɗinki kusa-kusa, don zai sha wanki da ja.

Ba mu da yawan da za mu rufa wa gari duka, a shekara abin da muke gamawa bai taka kara ya karya ba. Amma ranar wata Juma'a da sassafe na hangi wani yaro a ƙofar makarantar allo ya lulluɓa da ɗaya daga cikinsu har ka, allonsa a cinya, na gane ɗinkin hannuna daga nesa.

In akwai tsohuwar adaka a ɗakinku, kafin a yi tsumma da abin da ke ciki, a nemi yardar duk masu haƙƙi a kai tukuna, kada a yi irin gaggawar bakin da na yi. Sannan a fara da na jariri. Mu dai buhu biyu na jiran mu wannan Asabar ɗin, kuma Yaya ta ce ita ce mai wanki da guga, don har yanzu ba ta yarda ta riƙe almakashi ba.