Me Ya Sa Ake Kulle Wasu Bidiyoyi Da Takunkumin Shekaru?

Waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganarmu a kan wani abu ne da kusan kowa ya taɓa cin karo da shi. Wani ya turo maka bidiyo, ka danna, sai allo ya yi baƙi, rubutu ya fito da Turanci wai wannan bidiyon bai dace da wasu masu kallo ba, sai ka shiga akawun ɗinka ka tabbatar da shekarunka. Wasu sukan ce matsalar sabis ce, wasu su ce an goge bidiyon, wasu kuma su ce ai Turawa ne ba sa son gaskiya ta fito. To bari mu warware zare da abawa.

Bari in fara da abin da ya same mu. Kwanakin baya ni da wasu abokaina muka haɗa wani ɗan gajeren bidiyo a kan shaye-shaye. Mun ɗauko kwalaben maganin tari da ake zubarwa a kangwaye, mun yi hira da wani matashi da Allah Ya shirya, sannan a tsakiya muka nuna yadda ake gauraya abin da lemo, wai don iyaye su gane idan sun gani. Muka ɗora a wani dandali. Bayan kwana biyu sai ga saƙo, an mayar da bidiyon na 'yan shekara 18 zuwa sama. Wallahi raina ya ɓaci sosai, domin 'yan shekara 14, 15, 16 muka yi wa shi, kuma su ne aka rufe wa ƙofa. Amma da na huce na zauna na karanta ƙa'idojin, sai na ga kuskuren daga wajenmu yake. Zan dawo kan wannan.

Da farko mu bambance abubuwa uku da mutane ke haɗawa wuri guda.

Na ɗaya shi ne shekarun buɗe akawun. A YouTube da TikTok da Facebook da Instagram, mafi ƙarancin shekaru a yawancin ƙasashe 13 ne. Na biyu shi ne takunkumin shekara 18 da ake sa wa bidiyo guda: bidiyon yana nan, ba a goge shi ba, amma sai baligi zai gani. Na uku kuma gogewa gaba ɗaya, idan abin ya karya doka ƙarara. A YouTube, karon farko yawanci gargaɗi ne, daga nan sai a fara lissafa maka laifi, in ka tara uku cikin kwana 90 a rufe tashar. Takunkumin shekaru shi kaɗai ba ya shiga wannan lissafin. Saboda haka in an sa wa bidiyonka, kar hankalinka ya tashi ka ce tasharka ta tafi.

To me ya sa 13? Ba wani malamin tarbiyya ne ya zauna ya ce a wannan shekarar yaro ke yin hankali ba. Asalin abin wata dokar Amurka ce ta 1998 da ake kira COPPA, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da izinin iyayensu. Kun san waɗannan kamfanonin da bayananmu suke cin abinci: me ka kalla, minti nawa ka yi, a ina kake, sai a kawo maka tallar da ta dace da kai. Neman izinin iyayen miliyoyin yara aiki ne ja, sai suka zaɓi hanya mai sauƙi, suka ce ɗan ƙasa da 13 kar ma ya buɗe akawun. Da yake manyan kamfanonin a Amurka suke, lambar ta bi duniya har ta iso wayoyinmu.

Kuma dokar tana cizo. A watan Fabrairun 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, wato FTC, ta ci tarar TikTok dala miliyan 5.7 saboda abin da manhajar Musical.ly ta yi da bayanan yara kafin a haɗe su. A watan Satumba na shekarar, Google da YouTube suka amince su biya dala miliyan 170 a kan irin wannan zargi. Daga nan ne YouTube ya fara tilasta wa duk mai ɗora bidiyo ya amsa tambayar nan: shin don yara aka yi shi ko a'a? In ka ce don yara ne, sai a rufe wajen tsokaci, a daina sa tallar da ke bin diddigin mai kallo. Masu tasha, ku lura da kyau: wannan tambayar daban, takunkumin 18 daban. Cewa bidiyonka ba na yara ba ne ba ya nufin ka kulle shi. A Turai ma, a 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci tarar TikTok yuro miliyan 345 kan yadda ya kula da akawun ɗin yara.

Yanzu sai takunkumin 18. Me ke jawo shi? YouTube ya lissafa manyan dalilai. Akwai tashin hankali da jini, kamar gawa, mummunan rauni ko hatsarin mota da aka nuna ƙuru-ƙuru. Akwai tsiraici da abin da ke motsa sha'awa, ko da ba a tuɓe ba, kamar rawar da aka mayar da hankalin kyamara kan wasu sassan jiki. Akwai ashar da batsa idan sun yi yawa, musamman a take ko a hoton gaba. Akwai abubuwa masu haɗari da yaro zai iya kwaikwaya, kamar wasa da wuta ko ƙwayoyi. Sannan akwai bidiyon da ya yi kama da na yara, misali zanen katun, alhali abin da ke ciki na manya ne.

Kun ga inda muka faɗa ke nan. Niyyarmu wa'azi ce, amma wannan ɗan ɓangaren da muka nuna yadda ake haɗawa darasi ne ga wanda bai iya ba. Yaron da ya tsallake hirar ya kalli wajen kawai ya koyi abin da muke so ya guje wa. Muka yanke wajen, muka ƙara bayani a farko, muka sake ɗorawa, ya wuce lafiya.

Wa ke yanke wannan hukuncin? Hanya uku ce. Mai bidiyon da kansa zai iya sa takunkumin tun wajen ɗorawa. Masu kallo za su iya kai ƙara, ma'aikata su duba. Sai ta uku, wadda ta fi yawa yanzu, wato na'ura. Tun a 2019 aka ce ana ɗora bidiyon sama da awa 500 a YouTube cikin kowane minti ɗaya. Ku lissafa, babu adadin ma'aikatan da za su iya kallon wannan. Shi ya sa a watan Satumban 2020 kamfanin ya sanar zai ƙara dogaro da na'ura wajen sa takunkumin kai tsaye. Na'urar tana duba hoto, da sauti, da take, da bayanin da ka rubuta a ƙasa.

Matsalar na'ura ita ce tana ganin jini, amma ba ta ganin niyya. A 2017, lokacin da YouTube ya ƙaddamar da sabon tsarin farautar bidiyoyin 'yan ta'adda, dubban bidiyoyin yaƙin Siriya sun ɓace, ciki har da waɗanda masu kare haƙƙin ɗan'adam suka tara a matsayin hujja. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin aka dawo da wasu. Mu da muke yankin da ake fama da 'yan bindiga, wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya ɗora bidiyon hari don duniya ta san halin da ƙauyensu ke ciki, da wanda ya ɗora don ya yi alfahari, hoto iri ɗaya suka ɗora. Abin da ke raba su shi ne bayani. Ƙa'idar YouTube tana sassauta wa abin da aka yi don ilimi, ko adana tarihi, ko kimiyya, ko fasaha, amma sai bayanin ya fito fili a cikin bidiyon. Ƙari a kan haka, waɗannan na'urori sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba a kan Hausa. Shi ya sa za ka ga an kulle bidiyon ungozoma mai bayanin shayarwa, amma wani ya zazzaga ashar ta uwa ta uba da Hausa bidiyonsa na yawo ba abin da ya same shi.

Me ke faruwa da bidiyon da aka kulle? Wanda bai shiga akawun ba ba zai gani ba. Wanda akawun ɗinsa ya nuna bai kai 18 ba shi ma haka. A yawancin shafukan da aka manna shi ba zai buɗe ba, sai an koma YouTube. Talla kuma ko ta ragu sosai ko ta tsaya cak, domin manyan kamfanoni ba sa son kayansu su fito kusa da gawa ko batsa. A nan za ku gane ba tausayin yara kaɗai ke aiki ba, akwai tsoron tara, akwai kuma tsoron rasa masu talla. In ka tabbata an zalunce ka, kana da damar ɗaukaka ƙara daga shafin sarrafa tasharka, a sake dubawa.

Duk wannan tsarin yana da wani babban rami: ya dogara da ranar haihuwar da ka rubuta. Mu faɗa wa juna gaskiya, mu nawa ne muka sa ta gaskiya? Yaro ya sayi waya, ya kai wa mai shagon caji ya buɗe masa imel, shi kuma ya danna duk shekarar da ta zo hannunsa. Daga ranar, ɗan shekara 12 ya zama ɗan 30 a idon kamfani. Ga kuma wayar gida guda ɗaya, ta yaya ko ta mama, da yara biyar ke karɓa bi da bi.

Gwamnatoci sun gano wannan ramin, shi ya sa abubuwa ke canzawa da sauri. A Birtaniya, dokar tsaron intanet ta 2023 ta sa daga watan Yulin 2025 dole shafukan batsa da makamantansu su tantance shekaru da gaske, danna "na kai 18" ya daina wadatarwa. A watan Agustan 2025 YouTube ya fara amfani da ƙirƙirarriyar basira a Amurka don hasashen shekarun mutum daga irin abin da yake nema da abin da yake kallo. In ta ɗauke ka yaro alhali kai babba ne, sai ka nuna katin shaida, ko katin banki, ko ka ɗauki hoton fuskarka. Ostareliya kuwa ta wuce kowa: ta yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar akawun a manyan dandalai, ta fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025, kuma kamfanin da ya yi sakaci zai iya biyan tarar da ta kai dalar Ostareliya miliyan 49.5. A nan Najeriya ma, dokar kare bayanai ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro.

Ni dai ina goyon bayan a kare yara, amma ba zan ɓoye muku fargabata ba. In sai ka miƙa katin shaidarka kafin ka kalli bidiyo, to an haɗa sunanka na gaskiya da duk abin da kake kallo. Wa ke ajiye wannan bayanin? In aka yi kutse fa? Sannan matashin da ba shi da kati, ko yarinyar da ke neman bayani kan lafiyarta tana jin nauyin tambaya a gida, su ne za su fara rasa hanya. Ya kamata mu matasa mu sa baki tun kafin a rubuta mana irin wannan doka.

Kafin mu rufe, ga abin yi. Masu ɗora bidiyo: ku dusashe hoton gawa da rauni, wannan ma mutunta mamaci ne kafin ya zama ƙa'idar kamfani. Ku faɗi a ina abin ya faru, yaushe, kuma me ya sa kuke nunawa. Ku guji hoton gaba mai tayar da hankali don jan 'yan kallo. Kar ku koyar da yadda ake yin abin da kuke hani a kansa.

Yayye da iyaye kuma: ku duba ranar haihuwar da ke akawun ɗin wayar da yara ke taɓawa. Ƙanana a saukar musu YouTube Kids, wanda aka fito da shi tun 2015. A babbar manhajar akwai wani maɓalli mai suna Restricted Mode da ke tace abubuwa da yawa, kodayake ba ya kama komai. A TikTok akwai Family Pairing da ke haɗa wayarka da ta ƙaninka ka sa masa iyakar lokaci. Amma duk waɗannan ba su kai ka zauna da yaro ka tambaye shi me yake kallo ba, cikin raha, ba tare da tsawa ba, domin ranar da ya ga abin da ya firgita shi ya iya zuwa ya gaya maka.

Ƙannena da ke saurare, na san kun san hanyoyin zagayewa fiye da ni. Abin da zan ce muku kawai, akwai hoton da in ya shiga kai ba ya fita. Ni kaina akwai bidiyon wani hari da na kalla shekaru da suka wuce, har yau da na rufe ido ina ganinsa, kuma da ban danna ba da ya fi mini.

To jama'a, tambayarmu ta yau: da za a kawo irin dokar Ostareliya nan, a ce sai ɗan 16 zai buɗe akawun, za ku goyi baya ko kuwa? Masu tasha kuma, an taɓa kulle muku bidiyo? Ku ba mu labari a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.