Lissafin da ya makara ba ya hana yunwa a Adar

Bayan daminar 2004, wadda fari da fara suka ɓata, lissafin hukuma ya nuna giɓin cimaka na wajen tan 223,000 a Nijar. A ma'aunin ƙasa baki ɗaya, adadin bai tayar da hankali ba. Amma kafin watan Agustan 2005 buhun hatsi ya haura jika 25 a kasuwanni da yawa, farashin bisashe ya faɗi warwas, wuraren jinyar tamowa sun cika da yara a jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram. Tsarin gargaɗin farko na SAP yana aiki tun 1989, sai dai idonsa yana kan rumbu, alhali magidancin Adar daga kasuwa yake cika tukunyarsa rabin shekara.

Bayanai a nan saurin tsufa gare su. Da an ɗaure damma, samarin Keita da Buza sun kama hanyar Abijan, Libiya ko Aljeriya cin rani, makiyayan Abalak da Cintabaradan kuma suna bin ciyawa da rijiya. Jerin mabuƙatan da aka rubuta a Nuwamba, kafin Mayu ya zama tarihi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3.3 a jihar Tawa, daga nan aka shafe fiye da shekara goma ana tsara makarantu da magani bisa kiyasi.

Bayan 2005 an yi dabara mai kyau: kwamitocin SCAP-RU a ƙauyuka da na OSV a ƙananan hukumomi. Mutanen gari da kansu ke rubuta kuɗin tiya, awaki nawa ke sayen buhu guda, ko rijiya ta ja baya, ko ciwo ya shiga garke. Wanda ya sayar da akuyarsa ranar kasuwa ya fi kowane ofishi sanin an shiga matsi. Abin takaici, takarda takan hau zuwa Yamai ba amsa, kuma da kuɗin masu tallafi ya ƙare, taron kwamiti ya mutu.

Akwai kuma amana. Sunaye da lambobin wayar masu karɓar agaji sirrin mutane ne, tun 2017 ma Nijar ke da dokar kare su.

Magadan gari, ku riƙa sabunta jerin mabuƙatan nan kafin bazara, ku kuma sa gidajen rediyon karkara su mayar wa jama'a abin da aka tattara daga bakinsu.