Tauraro Mai Tasowa: Sirrin Karɓuwar Labaran Al'ajabi a Wurin Matasa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilin da ya sa ƙagaggun labaran al'ajabi suke kama zukatan matasa. Ta nuna cewa ba tsafi ko dodanni ne ke riƙe mai karatu ba, sai dai tauraro sa'ansa da ke neman sanin ko shi wane ne. Daga nan ta auna rubutaccen zube na Hausa da wannan ma'auni.

Gabatarwa

Labarin al'ajabi shi ne wanda aka gina a kan duniyar da ta saɓa wa hankali, inda aljanu da masu siddabaru da dabbobi masu magana suke da gurbi. Tun daga 1997, lokacin da J.K. Rowling ta fitar da littafin farko na jerin Harry Potter a Landan, wannan nau'i ya mamaye kasuwar littattafan matasa. Jerin ya kammala a 2007 da littafi na bakwai, an kuma fassara shi zuwa harsuna fiye da 80. Bai tsira daga suka ba: Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta sa shi a sahun farko na littattafan da aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, galibi saboda batun sihiri.

Tauraron da bai kammala ba

Siffar farko da waɗannan littattafai suka yi tarayya a kanta ita ce shekarun tauraro da matsayinsa. Harry maraya ne ɗan shekara 11 da ake wulaƙantawa a gidan riƙo, yana kuma ƙara shekara guda a kowane littafi, wato yana girma tare da masu karanta shi. A Akata Witch (2011) na Nnedi Okorafor, Sunny zabiya ce 'yar shekara 12, haifaffiyar Amurka da ke zaune a Aba. A can baƙuwa ce, a nan ma baƙuwa. Abin da ake yi mata gori da shi, shi ne ya zama tushen baiwarta. Matashin da ke jin bai dace da ko'ina ba yana ganin kansa a nan, musamman wanda ya tashi tsakanin harshen gida da na makaranta.

Ƙarfi mai ƙa'ida

Siffa ta biyu ita ce al'ajabin yana da doka da farashi. A A Wizard of Earthsea (1968) na Ursula K. Le Guin, iko a kan abu yana samuwa ne ta sanin sunansa na ainihi. Girman kai ya sa Ged, tauraron labarin, ya saki wata inuwa da ta riƙa farautarsa, bai kuwa sami sa'ida ba sai da ya kira ta da sunan kansa. A duniyar Okorafor, kuɗin masu baiwa yana zubo musu ne a duk lokacin da suka koyi sabon ilimi. A Children of Blood and Bone (2018) na Tomi Adeyemi, wanda ya ɗebo daga al'adun Yarabawa, Zélie tana neman maido da ikon da sarki ya kashe mahaifiyarta saboda shi, labarin kuma yana tambayar ko wanda aka zalunta zai riƙe iko ba tare da ya yi zalunci ba. Wannan ita ce matsalar mai tasowa: ƙarfi ya zo, hankalin sarrafa shi bai gama zuwa ba.

Ma'aunin a zuben Hausa

Al'ajabi ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, dukkansu da balaguro zuwa ƙasar aljanu. Sai dai taurarinsu magidanta ne da ke ba da labarin abin da ya wuce. Ganɗoki ya shigo labarin da jarumtarsa cikakkiya. Alhaji Imam kuma wayonsa ne ke fitar da shi, ba sauyin hali ba. Mai karatu yana sha'awarsu, amma da wuya ya ce halinsu ɗaya. Tauraruwa Mai Wutsiya (1969) na Umaru Dembo ya bambanta, domin yaro ne, Kilba, aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Littattafan yaƙi da jarumta na Adabin Kasuwar Kano sun sami karɓuwa a wurin samari, amma akasari sun bi sawun cikakken sadauki ne, a fagen da ya fi kama da na Dare Dubu da Ɗaya.

Kammalawa

Yaron Bahaushe da ke tasowa a Landan ko Jidda ko zangon Kumasi yakan sadu da wannan nau'i cikin Turanci ko Larabci, alhali tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da almarar Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, da tarihin Sarauniya Amina suna nan jibge. Kayan gini ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya rage wa marubuta shi ne su miƙa ragamar labarin ga yarinya ko yaro mai rauni, mai kuskure, wanda zai biya farashin ikonsa, ya kuma fito daga labarin ba yadda ya shiga ba.